Wa Ya Taɓa Motar Sajan?

Karo na shida ke nan cikin kwana huɗu da motar nan ta yi masa wannan wulaƙancin. Ta baro Ikara lafiya lau tana gurnani, har masu babur suna kauce mata. Minti goma sha biyar cif, sai ta fara tari, ta yi shaƙuwa sau biyu, ta mutu murus a gefen hanyar Makarfi.

Safiyanu ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wai ni wa na tsare wa wani abu a duniyar nan?"

Da don ƙarfe ne kawai, wallahi da tuni ya tattara sifanoninsa ya koma garejinsa na Makarfi. To amma aurensa ne a cikin injin nan, kuma jibi ne ranar ƙarshe.

Motar ta Baba Sajan Tukur ce, mahaifin Rumaisa. Tsohon direban soja ne, shekara goma sha tara yana tuƙa ta, da ya yi ritaya aka sa ta a gwanjo ya tattara abin da ya mallaka ya saye ta. Ƙatuwa ce mai ƙafa shida, koriya shar a zamaninta. Ta yi masa jigilar rake da masara har ta gaji, ta kwanta a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Shekara goma sha ɗaya tana nan, kaji na saka ƙwai a kujerar direba, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Ranar da maganar Safiyanu ta shiga gidan kuwa, sai da maƙwabta suka leƙo. Gwaggo Zulai, ƙanwar Baba Sajan, ta daɗe da ajiye Rumaisa a ranta don ɗanta Ikrima, mai shagon taki da maganin feshi a Makarfi.

"Bakanike? Ɗan ƙauyen Gazara? Wanda ko ranar Sallah farcensa baƙi ƙirin? Haba Yaya, yarinya malamar makaranta guda! Ga ɗan'uwanta da shago da mota, sai a kwashe ta a ba bare?"

Ita Rumaisa ba yarinya ba ce ƙarama, shekararta ashirin da huɗu, kuma da bakinta ta gaya wa mahaifinta wanda take so. Tsoho ya rasa yadda zai yi. Ba ya son ɓata wa ƙanwarsa, ba ya kuma son tauye 'yarsa. Sai ya kira samarin biyu gindin mangwaro, ya dafa motar.

"Ikrima ya ce in sayar wa 'yan gwangwan su yanka ta. Kai kuma Safiyanu na ji ka ce za ta tashi. To tashe ta. Kasuwar Makarfi ta farko bayan an fara saran rake, ta kwaso raken gonata daga Kudan ta kai shi da ƙafafunta. In ta kai, turo magabatanka. In ba ta kai ba, kai mai cika baki ne, ni kuwa ba na ba mai cika baki 'ya."

Wata huɗu bawan Allah yana fama. Ɓeraye sun cinye wayoyi, zanzaro ya gina gari guda a matatar iska, fistin biyu sun cije sai da ya jiƙa su da kananzir kwana tara kafin su saki. Tankin ma sauke shi ya yi, ya zuba tsakuwa da omo ya dinga mirgina shi har tsatsar ta fita. Ba lungun 'yan kayan gyara da bai shiga ba tsakanin Zariya da Kano. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ta tashi, ta yi awa ɗaya da rabi tana aiki ko tari babu, Baba Sajan ya cire hula yana share ido da ita. Safiyanu ya cika tanki maƙil, ya datse murfin da kwaɗo, ya tafi gida yana jin kamar an riga an shafa fatiha.

Washegari Juma'a aka fara wannan masifa.

Ba abin da bai yi ba. Ya canza matatar mai sau biyu. Ya tsiyaye gas a farin ƙyalle yana neman yashi, bai ga ko ƙwaya ba. Har ɗanɗana man ya yi a harshensa ko zai ji zaƙin sukari. In ya ɗora jarka a saman mota ya ba injin mai daga can, sai ta yi ta aiki har ya gaji ya kashe. Da ya mayar da tiyo jikin tanki, minti goma sha biyar, shi ke nan. Ya busa tiyon da bakinsa, a buɗe yake fes.

Mota ba ta kwana lafiya ta tashi da aljanu. Hannu ne aka sa, kuma ko waye ya san mota.

Yana cikin wannan saƙe-saƙen ya ji hon a bayansa. Wata farar ƙaramar mota ta sha gabansa ta tsaya, gilas ya zuge a hankali. Ikrima ne, shadda sai maiƙo take, da curin mazarƙwaila a hannu yana gutsira. Gwaggo Zulai na baya ta hakimce. A kujerar gaba kuwa, kusa da Ikrima, mace ce da shuɗin hijabi ta sunkuyar da kai.

Safiyanu ya ƙura mata ido. Ko a cikin mata dubu ya san wannan hijabin, na Rumaisa ne.

Ya sauko ya russuna. "Barka da rana, Gwaggo. An yini lafiya?"

"Lafiya." Ko kallonsa ba ta yi ba.

"A'a, Injiniya!" Ikrima ya washe baki. "Jirgin namu ne ya sake sauka? Sannu fa, sannu da ƙoƙari. Ko in turo maka shanun huɗa su ja ta zuwa Kudan? Ai Kawu bai ce ba a yarda da shanu ba."

"Za ta tashi, in Allah ya so."

"Allah ya so ɗin. Ni dai da kai ne, tanki zan duba. Irin waɗannan tsofaffin, ba ka san abin da suka haɗiya ba."

Ya faɗa yana lasar yatsa. Safiyanu ya ga kafaɗar Rumaisa ta motsa kamar an tsikare ta, ta ƙara jan hijabi ta rufe fuska. Ba gaisuwa, ba sannu, ba ko ɗaga ido. Yarinyar da in ya yi tuntuɓe a waya sai ta ce sannu sau uku.

"Ja mu tafi, rana na dukan yarinya," in ji Gwaggo. Motar ta wuce ta bar shi tsaye da tsumma a hannu.

Tanki? Me ya sa Ikrima ya ce tanki? Kuma me ya sa ita ta firgita da jin kalmar?

Ya zagaya gefen motar, ya duba kwaɗon. Ba a taɓa shi ba, ko ƙwarzanewa babu. Ya buɗe, ya kama murfin ya murɗa. Murfin ya cije, sai da ya sa ƙarfi. Yana saki sai ya ji fuuuu, tankin ya zuƙi iska kamar wanda aka shaƙe aka saki.

Ya tsaya cak. Tun Juma'a yake jin wannan ƙarar duk sanda ya buɗe, amma hankalinsa na can wajen neman yashi da sukari, kunnensa bai ɗauka ba. Kai, Safiyanu! Abin da ko sabon shiga gareji ya sani! Tanki ma numfashi yake. A tsakiyar murfin akwai 'yar huda kamar ƙwayar gero, ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da inji ya sha. In ta toshe, inji zai yi ta ja har ya kasa, ya mutu da yunwa alhali ga mai maƙil.

Ya ɗaga murfin a rana. Ba huda. An shafe wurin sumul, an goga ƙasa a kai don ya saje da tsatsa.

Ya zaro tsinken waya ya tsokala. Wani abu mai laushi ya fito, ruwan hoda. Ya murza a yatsa, ya kai hanci.

Ya zauna a kan matakalar mota.

Sabulu ne. Kuma ba kowane sabulu ba. Ranar da ya je Kano neman kayan famfon mai, ya ratsa wani shagon turare ya sayo guda shida a kwali, ya kai wa Rumaisa. Ba a sayar da irinsa a Ikara, ba a sayar da shi a Makarfi. Yana iya tuna yadda ta shinshina ta lumshe ido, ta ce sai ranar Juma'a kawai za ta riƙa wanka da shi don kada ya ƙare.

Ranar Juma'a kuwa ta yi amfani da shi.

Ya mayar da murfin, ya cire iskar da ta shiga layin mai, ya hau ya tayar. Bugu ɗaya ta kama. Ya tuƙa ta har Makarfi, ya juyo ya dawo Ikara, ko tari ba ta yi ba. Da jiya ne da ya yi ta rangaɗa hon har gari ya fito. Yau kuwa hawaye ne ke gangaro masa, yana sharewa da hannun riga yana ɓata fuska da baƙin mai. Duk abin da Rumaisa ta yi masa a watannin nan ya dawo masa a juye. Kunun da take aiko masa, ashe na rufe ido ne? Tambayar da take yi kullum, yaya motar, saura me, ashe rahoto take kaiwa? Wa ya gaya mata sirrin hudar nan in ba wanda ya ce a duba tanki ba?

Baba Sajan na zaune a tabarma ƙofar gida da carbi lokacin da Safiyanu ya ajiye motar a gindin mangwaro. Tsohon bai tashi ba, kunne kawai ya karkata har injin ya yi shiru.

Safiyanu ya cire takalmi ya durƙusa. "Barka da hutawa, Baba. An yini lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdulillahi. Ya aikin? Na ji muryarta ta dawo. Me ya same ta?"

"Wani ɗan ƙaramin abu ne, Baba."

"Ƙaramin abu ba ya da suna?"

Safiyanu ya dubi ƙasa. "Hudar murfi ce ta toshe."

"Ta toshe, ko an toshe?" Tsohon ya ajiye carbin. "Safiyanu, kafin a haife ka nake kwana a ƙarƙashin motar nan. Murfin da ka wanke da hannunka ranar Alhamis ba ya toshewa ranar Juma'a. In akwai hannun wani, gaya min. Magana na yanke a gaban mutane, duk wanda ya bi ta baya ya taɓa motar nan ni ya ci wa mutunci. Ko jinina ne ba zan ƙyale ba."

Maganar ta zo har bakinsa. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Datti ne, Baba. Ni ne ban lura ba."

Baba Sajan ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da ke sa mutum ya ji rigarsa ta yi masa kaɗan. Can ya ɗauki carbinsa.

"To. Allah ya kai mu jibi."

"Amin. Baba, in da hali ina so in gaisa da Rumaisa bayan la'asar."

"Zaure a buɗe yake."

Bayan la'asar ta fito da sallama, ɗauke da kofin ruwa. Idanunta sun kumbura sun yi ja, amma fuskarta a sake take, har da guntun murmushi.

"Ina wuni, Yaya Safiyanu. Ina dawowa na ji an ce motar ta shigo da ƙafafunta, wallahi sai da na yi sujada. Ta warke ke nan?"

Bai amsa gaisuwar ba. Bai karɓi ruwan ba. Ya zaro 'yar takarda daga aljihu ya warware ta a kan tabarma, ga ɗan dunƙulen ruwan hoda a tsakiya.

"Kin san wannan?"

Ta leƙa. Murmushin ya ɗauke.

"A ina ka..."

"Tambayarki na yi. Kin san shi?"

"Na sani."

"Ke kika sa a murfin tanki?"

"Ni ce. Amma tsaya ka ji..."

"In ji me?" Ya miƙe tsaye. "In ji me, Rumaisa? Wata huɗu! Na rufe garejina, masu motoci sun watse sun koma wajen wasu. Dubi hannuna, dubi nan inda ƙarfe ya datse ni. Ina kwance a ƙasa cikin kashin awaki, ke kina ciki kuna shirya yadda za a kashe ni da raina!"

"Yaya Safiyanu, don Allah rage murya, Baba na waje."

"Yanzu kika san Baba na waje? Da kin gaji da warin baƙin mai ai sai ki faɗa min, ni ba maye ba ne. Ki ce Safiyanu na ga mai shadda, na ga gaban mota mai sanyi. Wallahi da na tafi ban waiwayo ba. Amma ki bi ni da kunu da murmushi, ki zagaya ki shaƙe min mota da sabulun da na saya miki da gumina? Shi ya koya miki inda hudar take, ko? Me ya yi miki alkawari? Wannan ai munafunci ne, ba shi da wani suna!"

Kofin ya suɓuce daga hannunta, ruwa ya malale a tabarma. Ba ta ko dube shi ba. Hawaye na zuba amma ba ta yi shessheƙa ba, kallonsa kawai take kamar yau ta fara ganinsa.

"Ka gama?"

Ya kawar da kai gefe.

"To zauna ka ji munafuncin nawa." Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Ranar Alhamis da yamma, bayan ka tafi, ina madafi ina kwashe tuwo. Ya Ikrima ya shigo gaida Gwaggo, don nan ta yini. Ban san ya san ina jinsa ba ko bai sani ba. Yana dariya ya ce, curi ɗaya na mazarƙwaila a narka a ruwa a ɗura wa motar, an gama da ita. Gwaggo ta ce kul, kada ka jawo mana fushin Yaya. Ko wasa yake ko gaske, Allah ne masani. Ni dai tuwon nan ban iya ci ba."

Safiyanu ya sunkuyar da kai.

"Da aka yi asuba na fito shara, na zagaya wajen tankin. Na ga kwaɗonka a datse, na ce alhamdulillahi. Sai idona ya kai kan huda a tsakiyar murfin. Ni ina na san mota? Yara nake koya wa karatu. Na ɗauka da ƙusa aka huda, don a zo da sirinji a ɗura. Na ruga ɗaki. Mu in bokiti ya huje ko tukunya ta fara yoyo, sabulu muke murzawa mu toshe, haka na taso na ga ana yi. Na wanki ya bushe ya yi tauri, sai na ɓare naka sabo, na gutsira. Na goga ƙasa a kai don kada ya gani ya sake hudawa. Ina yi ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina waige-waige kada wani ya gan ni a jikin mota ya kai wa Baba."

"Rumaisa..."

"Ban gama ba. Da ta fara mutuwa na ce shi ke nan na makara, ya riga ya zuba. Kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Na so in gaya maka, na ji tsoron zuciyarka. Na san za ka je ka tare shi a shago, a ce bakanike ya daki ɗan ƙanwar Sajan, komai ya rushe. Yau kuma Gwaggo ta zo har makaranta ta ce in raka ta dubiya Makarfi. In ce mata a'a? Ita ta tura ni gaba ta shige baya. Da na hango ka tsaye a rana da tsumma a hannu, yana yi maka dariya, kuka ne ya taso min. In ɗago Gwaggo ta ga ina yi wa saurayi kuka a gabanta?"

Ya sulale ya zauna a jiƙaƙƙiyar tabarmar, bai ma ji ruwan ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Kai, da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

"Ki yafe min. Wallahi shaiɗan ne, da gajiya. Ganin ki a motarsa ne ya juya min kai. Rumaisa, don girman Allah."

"Laifin toshe huda nawa ne, jahilci ne, kuma ina neman gafararka. Na ɓata maka kwana huɗu." Ta share fuska da gefen hijabi. "Amma ka gaya min wani abu. Motar nan sau nawa ta kunyata ka?"

"Ban ƙirga ba."

"Ka taɓa zaginta? Kullum sai ka ce min akwai dalili, sai an bi ta a hankali. Ka buɗe nan, ka duba can, har man tankinta ka ɗanɗana da harshenka. Ni fa? Daga hanyar Makarfi zuwa zauren nan ka yi shari'a ka yanke hukunci, ka zo karanta min kawai. Ko dalili ba ka tambaye ni ba. Shekara biyu ina tsaye a gaban dangina saboda kai, Gwaggo ta daina amsa gaisuwata, 'yan'uwa na ce min mai bakanike. Ashe a wajenka kujerar gaban mota ta isa ta saye ni."

"Ba haka ba ne, wallahi ba haka ba ne."

"Da bakinka ka faɗa."

Ta sunkuya ta ɗauki kofin.

"Allah ya kai ku Makarfi lafiya jibi."

Ta shige gida. Ya kira sunanta sau biyu, labulen zaure ne kawai ya motsa. A ranar ya buga wayarta ya fi sau ashirin, tana shiga ba a ɗauka. Washegari ma haka. Saƙon ban haƙuri kuwa ya rubuta har babban yatsansa ya yi tsami, ko ɗigo bai dawo ba. Ya dinga lallashin kansa da cewa fushin mata ne, in mota ta kai komai zai wuce.

Ranar kasuwa tun da sassafe suka ɗau hanya, Baba Sajan na gefensa sanye da wata tsohuwar rigar sanyi koriya da ya ciro daga ƙasan akwati. A fadamar Kudan masu sara suka loda mata rake har ya haura bodi, aka ɗaure da igiya. Safiyanu na jin nauyin a sitiyari, yana jin yadda take nishi a hawa, amma ba ta yi gardama ba. Da suka shigo Makarfi wajen hantsi kasuwa ta riga ta cika. Dillalan rake suka bar ciniki suka yo kanta, tsofaffi na shafa jikinta suna cewa wallahi ita ce, ta Sajan ce ta dawo. Ikrima na tsaye ƙofar shagonsa, da suka haɗa ido ya juya ya shige ciki.

Safiyanu ya ja birki, ya kashe inji. Ya juyo yana murmushin da ya kwana biyu bai yi ba.

"Baba, mun iso."

"Mun iso, ɗana. Allah ya yi maka albarka." Tsohon ya shafa gaban motar a hankali. "Ka cika maganarka, ni ma ina kan tawa. Daga wajena ba sauran sharaɗi, ko Zulai ta san haka."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma. To in sha Allahu ranar Asabar baffannina za su..."

Baba Sajan ya ɗaga hannu.

"Jiya bayan azahar Rumaisa ta same ni ta durƙusa. Ta gaya min komai, da sabulun da abin da aka yi a zaure. Na ji daɗin yadda ka rufa mata asiri a gabana, na kuma gaya mata hakan. Na yi mata faɗa a kan taɓa mota. Na ba ta haƙuri a madadinka, har na ce mata ni ma da ƙuruciyata bakina ya fi naka zafi."

"Me ta ce, Baba?"

Tsohon ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a matakala.

"Ta ce Ikrima dai har abada ba ta aurensa, kowa ya sani. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira." Ya ja numfashi. "Amma ta ce kada ka turo kowa. Ni kuwa ka sani, ban yi mata dole a kan ɗan ƙanwata ba, ba zan yi mata a kanka ba."

Ya sauka a hankali, dillalai suka kewaye shi da barka.

Wani ya buga ƙofar direba yana ɗaga murya. "Mai mota! Ɗan matsa gaba mana, ka tare mana hanya!"

Safiyanu ya kai hannu zai tayar, sai ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Sai da mutumin ya sake bugawa sau biyu kafin ya iya murɗa makullin.